Na Bayan Ƙyallen Malam Mika'ilu

Wa ya fi zalunci, wanda ya ga mutum ya danne masa haƙƙi, ko wanda bai ma taɓa lura akwai mutum a wurin ba? Shekara guda ke nan ina jujjuya wannan tambaya, a gona da kan tabarma, ban samo amsa ba. Ni ba malami ba ne, karatuna tsintarsa na yi nan da can. Amma na san wanda ya jefa ni cikin tambayar. Shi ne Malam Mika'ilu mai majigi, wanda ya yi ritaya kwanan baya bayan shekara talatin da huɗu yana yawo da fim ƙauye-ƙauye tsakanin Minjibir da Kunci da Bagwai. Ba a yi masa walima ba. Ko ruwan leda ba a raba ba da sunansa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san tsarinsa. Bayan La'asar yake isowa, a da cikin tsohuwar motar ofis, daga baya a kan babur da janareta ɗaure a baya. Ya fara zuwa ya gaida mai unguwa. Sannan ya nufi fili, ya haƙa rami biyu, ya kafa gora biyu, ya ɗaure farin ƙyallensa. Abin lura shi ne inda yake kafawa. Bai taɓa jingina ƙyallen da bango ba. A tsakiyar fili yake tsayar da shi, domin haske yana ratsa alawayyo, hoto ya fito gaba da baya. Maza su shimfiɗa tabarmi a gaba, mata su zauna a baya da goyonsu, ba mai gogar kafaɗar wani, kuma kowa ya gani. Babu wannan a takardar aikinsa. Shi ya lura matan aure a nan ba za su zauna cikin maza ba ko me ake nunawa, sai ya nemo musu hanya.

Ko an idar da Isha ba ya kunna inji sai ya tabbata mata sun gama kwashe kwanuka sun fito. Samari su yi ta gunaguni, shi kuwa ya ce wadda ta tuƙa tuwon da ke cikinsu ba za ta zo ta tarar da rabin labari ba. Kuma da yake hoto a juye yake fitowa ta baya, dama ta koma hagu, sai ka ji shi a lasifika yana cewa, "Na baya, da hannun dama take ba yaron nan magani, kada ku ce 'yan fim ba su da tarbiyya." Mata su kwashe da dariya, amma darasin ya zauna.

Da aka daina fim na naɗi, aka kawo ƙaramar na'urar zamani mai cin fim daga filashi ɗan mitsitsi kamar yatsa, kowa ya ce kwanan tsoho ya ƙare. Ya haura hamsin a lokacin. Ya shiga motar Kano, ya yi mako uku yana zama gefen masu gyaran kwamfuta kamar ɗan koyo, ya dawo ya fi waɗanda suka yi masa dariya sanin ta. Shi ya san ba a jona ta sai wutar janareta ta daidaita, ba a zare ta sai fankar cikinta ta sanyaya ƙwan fitilarta. Na'urorin wasu yankuna sun ƙone cikin shekara guda, tasa ta yi tara.

To, ga abin da ya faru bara bayan an kawar da amfanin gona, a garinmu Kwarin Ɗinya, a gaban idona.

Wata ƙungiya da ke aiki tare da ofishinsu ta kawo sabon fim irin wanda 'yan birni ke kira tiri-di. Idan ka sa wani baƙin tabarau, hoton sai ya taso daga allo ya nufo ka kamar ka kai hannu ka taɓa. In babu tabarau, dishi-dishi kake gani, komai biyu-biyu. Fim ɗin a kan ajiyar wake ne, yadda za a tsare shi daga ƙwari a buhu mai leda biyu a ciki, ba tare da barbaɗa masa maganin ƙwari ba. Ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Shekarar da ta gabace ta, wani gida a maƙwabtanmu sun ci waken da aka ajiye da magani, aka kwashi mutum bakwai zuwa asibiti, biyu ba su dawo ba. Kuma wa ke ajiye wake a gidajenmu? Wa ke auna shi, ya wanke, ya ɗora? Mata.

Irin wannan fim ba ya aiki a kan alawayyo. Allonsa daban ne, mai kauri, mai ruwan azurfa, haske ba ya ratsa shi ko kaɗan. Malam Mika'ilu yana taɓa shi ya gane abin da zai faru. Ya gaya wa jami'in da ya zo da kayan, wani matashi mai suna Munir, tun a ofis. Ya maimaita a mota. Ya sake maimaitawa a fili yana haƙa rami. Munir ya ce ai fili da yawa, mata su zagayo gaba mana. Ya faɗi haka ne alhali gaban cike yake da kujerun baƙi da masu ɗaukar hoto, kuma tabarau sittin ɗin da aka kawo an riga an rabe su tsakanin baƙi da dattawa da masu ɗan baki a gari.

Ni ma na sami guda. Dole in faɗi wannan, don shi ne ƙashin da ya tsaya mini a wuya. Da aka kunna, ƙwaron wake ya taso daga allo ya kai girman akuya, muka sunkuyar da kai, limaminmu har ya kai masa duka da carbi. Na yi dariya har da hawaye. Matata Fadima tana bayan allon tare da mata fiye da ɗari biyu, suna zaune cikin duhu suna jin shewarmu, kuma ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Inna Aina'u ce ta taso. Dattijuwa ce, ita ke shugabantar matan gari a duk wata hidima. Ta zagayo har gindin gora, abin da ban taɓa ganin mace ta yi ba a majigi, ta ce a hankali, "Malam Mika'ilu, wani laifi muka yi maka?"

Ya kashe na'urar.

Munir ya taso a fusace. Tsohon bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yallaɓai, taku goma ne. Zagaya baya ka ga abin da suke gani." Munir ya ƙi. Ya ce yana da baƙi, ya zare nasa tabarau ya miƙa masa, ya ce Baba ya sa ya ga irin abin da yake ɓatawa.

"Ba zan sa ba," in ji Malam Mika'ilu, "sai na bayan ƙyalle sun sa."

Ya kwance allon azurfa ya naɗe, ya ciro tsohon alawayyonsa daga jaka, ya ɗaure. Akwai fim ɗin a filashin a siffarsa ta yau da kullum, ya nemo shi ya kunna daga farko. Ƙwaro bai taso ba, ya tsaya a ƙyalle kamar yadda muka saba. Amma gaba da baya kowa ya ga yadda ake matse iska daga leda a ɗaure bakinta. Baƙi suka tashi tun kafin a gama.

Sakamakonsa? Takardar tuhuma, wai ƙin bin umarni da kunyata ofis a gaban baƙi. Aka karɓe na'urar daga hannunsa aka kulle a sito. Watanni takwas na ƙarshen aikinsa a kan benci ya yi su, yana zuwa da safe ya tashi da yamma, ba abin da ake sa shi. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, na ga rahoton da suka buga. Hotonmu ne a bangon, mu maza, sanye da tabarau, baki buɗe. A ƙasa an rubuta cewa an wayar da kan mata ɗari uku da fasahar zamani. Wanda ya sa maganar ta zama gaskiya shi aka hukunta, kuma sunansa bai fito ko a shafin ƙarshe ba.

Na so in ce Munir mugu ne, da na huta. Amma ba mugu ba ne. Tare muka yi Magariba, ya durƙusa ya gaida dattawa. Kawai dai bai taɓa tsayawa a bayan ƙyalle ba, kuma da aka ce ya je ya duba, ya ga girmansa ya fi taku goma. Ni fa, da aka haife ni a garin, na san wadda ke zaune a can, wane uzuri gare ni? Nan ne tambayata take cije mini.

Malam Mika'ilu, kai ne ka ƙirga waɗanda ba a ƙirgawa. Kai ne mai haske biyu, gaba da baya. Ka san sabuwar na'ura fiye da waɗanda suka sayo ta, ba tsoron zamani ne ya sa ka kashe ta ba. Ka san dai me aka kawo ta ta yi. A bana na shiga gidaje da dama a Kwarin Ɗinya na ga buhunan wake a jingine, bakinsu ɗaure yadda fim ya nuna, ba warin magani. Ba wanda zai iya nuna yaron da bai mutu ba, shi ya sa aikin irinku ba ya samun lambar yabo. Mun gode. Allah Ya saka maka da abin da ofis ya kasa, Ya haskaka maka ranar da kowa ke neman haske. Ku kuma masu kawo mana sababbin abubuwa, muna so, ku ci gaba da kawowa. Amma kafin ku kunna, ku yi abin da tsohon nan ya yi shekara talatin da huɗu yana yi, ku zagaya ku ga wa ke zaune a baya.

Saura abu guda. Inna Aina'u ba ta bar maganar ba. Sau uku tana cika mota da mata zuwa ofishin, tana cewa sun ji shewa ba su ga abin shewa ba, a ba su aron kayan na yini ɗaya. A na ukun aka gaji aka ba su. Da aka rasa wanda ya iya haɗa na'urar, dole aka aika gida aka kira mai ritaya.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce aka yi, da hantsi, a babban ajin Islamiyya. Suka toshe tagogi da tabarmi da zannuwa, ya kafa allon azurfa a jikin bango, mata suka riƙa shiga sittin-sittin, rukuni huɗu. Mu maza muna waje ƙarƙashin darbejiya, wannan karon mu ke jin shewa. Fadima ce ta ba ni labarin ƙarshen. Ta ce da rukuni na huɗu ya gama, tsohon ya fara naɗe waya, sai Inna Aina'u ta goge tabarau ɗinta da gefen mayafi ta miƙa masa.

"To, mun sa. Saura kai."

Ya ce shi ya tsufa da wasan yara. Ta ce alkawari ba ya tsufa, kuma ita ta girme shi. Ya ajiye wayar, ya mayar da fim ɗin zuwa farkonsa. Ya zauna a kan bencin ɗalibai, a gaban allo, wurin da bai taɓa zama ba tun da ya fara aiki, ya ɗora tabarau a kan hancinsa. Da ƙwaron ya taso, Malam Mika'ilu ya kauce har hularsa ta faɗi.