Baturiyar da Ta Shayar da 'Yata

A daminar da na haifi 'yata ta fari, wajen ƙarshen shekarun saba'in, muna zaune a Tudun Wada, a wani gida da aka maƙala a jikin dutse. Maigidana yana aikin tsaga itace a kasuwar Katako, ya fita da sassafe ya dawo da garin katako har cikin kunne. Gidan daga ni sai shi sai mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna.

Gida uku ne tsakaninmu da Turawan mishan. Ba irin Turawan da muka saba hangowa a bayan shingen fure da karnuka ba ne. Waɗannan gidan ƙasa suka kama, mai rufin kwano, yana yoyo kamar namu. Mijin yana wa'azi a wata 'yar ƙaramar coci ranar Lahadi, sauran kwanaki kuwa ko yana cikin rijiyar wani yana yasa, ko yana kai marasa lafiya asibiti a tsohuwar motarsa da sai an tura take tashi. Matar ta ware ɗaki guda tana duba jarirai, da sikeli rataye a jikin katakon rufi, irin na masu sayar da dankali. Manyan 'ya'yansu biyu ba sa sa takalmi, kuma ba gidan da ba su san ɗanɗanon gwatensa ba. Tana da na goye, namiji, ɗan wata huɗu. Kullum da safe muna jin su suna waƙar addininsu da Hausa, muryar mijin kuwa sai dai a yi haƙuri.

Ni ban yarda da su ba. Na ce mutum ba ya baro ƙasar da ruwa ke zuwa har ɗaki ya zo ya bi layin famfo da mu haka kawai. Lallai akwai abin da suke nema.

Kwana kaɗan bayan suna zazzaɓi ya kayar da ni. Da na tashi, nono ya ƙafe ƙaf. Inna ta yi iyakar yinta: kunun kanwa, kunun gyaɗa, saiwoyi masu ɗaci da har yau ina jin su a maƙogwaro. Ko ɗigo. Maigidana ya kawo madarar gwangwani, yarinya ta sha kwana biyu, zawo ya ɓalle. Maɗigarta ta faɗa. Kukanta ya koma irin na ɗan kyanwa, daga baya ma ta daina, kuma wannan shirun ne ya fi ba ni tsoro. A unguwar kuwa ba mai goyon da za a roƙa. Guda ɗaya da muka sani ta tafi ƙauyensu wajen Kuru.

Inna ce ta saɓa yarinyar a kafaɗa ta kai wa Baturiya, ni ina biye ina jan ƙafa. Matar ta sa ta a zani ta rataya a sikeli, ta dubi allurar, ta dubi wata takarda. Ta ba ta ruwan gishiri da sukari da ƙaramin cokali, yarinya ta haɗiya kaɗan. Sai ta juyo ta yi mini faɗa da Hausarta mai karkata, wai me ya sa nake kallon bango 'yata tana mutuwa. Ba ta san 'yar fari ce ba, kuma a gaban surukata ba ni da fuskar da zan tsaya ina kallonta.

Daga nan ta zauna a tabarma, ta karɓi yarinyar, ta fara ɓalle maɓallan rigarta.

Inna ta riƙe mata hannu. Ta ce, "Tsaya, 'yar nan. Kin san abin da za ki yi? A wurinmu, in ta sha ko sau ɗaya ne, ta zama 'yarki. Ɗanki ya zama yayanta har abada. Ba a warwarewa."

Baturiya ta maimaita maganar a hankali, kamar tana juya ta zuwa yarensu. Sannan ta ce, "Inna, ni na yarda. Ku fa?"

Inna ta dube ni, ni kuma na dubi yarinyar, karo na farko a gaban mutane. Inna ta saki hannun.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Bakin nan da ya bushe ya lalubo, ya kama, ya saki, ya sake kamawa. Sai muka ji ƙarar haɗiya. Ɗakin ya yi tsit, har ruwan da ke ɗiga daga kwano a cikin bokiti ana ji. Da maigidana ya dawo ya je ya tambayi malamin unguwa, malam ya ce ceton rai ne, babu laifi.

Tun daga ranar take zuwa gidanmu sau huɗu a yini, tun daga hantsi har faɗuwar rana, tana hawa duwatsun nan masu santsi da ɗanta a goye. Ko goyon ba ta iya da kyau ba, kullum kan yaron yana leƙowa ta gefe, sai Inna ta kwance ta ɗaure mata. Abin da za a ba yarinya kafin gari ya waye kuwa, ta tatsa a kofi ta bari. Ranar da aka yi ruwan ƙanƙara ma ta zo, da tukunya a kife a kan yaron. Ciyar da biyu ya ci jikinta. Wuyanta ya yi tsawo, rigunanta suka yi mata yawa. Mijinta ya karɓi girki da wanki, mata suna wucewa suna ganin sa yana shanya tsummokaran jariri suna rufe baki. Inna ta mai da ita mai jego sosai, ta dama kunu ta tsaya a kanta sai ta ga ƙasan kwano. In ta yi gardama, Inna ta ce ai yanzu ita ma surukarta ce.

Abu ɗaya ne ya haɗa ni faɗa da ita. Duk zuwan da za ta yi, sai ta sa na fara ɗora yarinyar a ƙirjina, wai tsotso ne ke kiran nono. Yarinya ta ja, ta ji ba komai, ta yi ta tsala kuka har a miƙa ta ga wadda take so. Na ɗauki wannan wulaƙanci ne. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba. Na tsani yadda 'yata ke yin lamo a jikin wata, tana riƙe mata yatsa. Wata rana na gaya mata in so take ta ɗauke ta zuwa ƙasarsu ko cocinsu, ta faɗa kowa ya huta. Ta dube ni kawai, ta ce in gyara zama, in sake gwada ɗaya ɓangaren.

Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Na ga dai leɓɓanta na motsi in tana shayarwa, Inna ma tana gefe da carbinta, kowa na kai ƙara inda ya sani.

A mako na uku na ji ƙirjina ya yi nauyi. Ɗigo ya zo, sannan ɗan tsiyaye. Allurar sikeli ta fara hawa, maɗiga ta ciko, kuka ya dawo da ƙarfinsa har maƙwabta suka fara ƙorafi. Zuwan Baturiya ya koma sau uku, ya koma biyu. Ni kuwa ina ƙirga ranar da zan nuna mata ba a bukatarta.

Ranar ta zo cikin mako na bakwai. Da hantsi yarinya ta sha a jikina har ta saki da kanta, bakinta duk fari. Baturiya ta shigo da sallama, ta kwance goyonta ta ba Inna, ta karɓi 'yata kamar kullum. Yarinya ta kau da kai. Ta sake gwadawa, ta sake kau da kai, ta yi gyatsa, ta yi barci.

Na buɗe baki zan yi maganar da na daɗe ina tanadi, sai na ga fuskarta. Murmushi take yi, hawaye na bin hancinta. Ta mayar da maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, gaban rigar yana jiƙewa da nonon da ba mai sha. Ta riƙe yarinyar ta daɗe, fiye da yadda ta saba. Sai a lokacin na gane cewa duk wahalar da ta ba ni tana yi ne don wannan ranar ta zo, alhali ita ce ranar da za ta rasa 'yar da ta riga ta so. Har yau in na tuna, girman abin yana ba ni tsoro.

Ta miƙo mini ita da hannu biyu. Ta ce, "Ga 'yarmu. Gobe ba sai na zo ba."

Na bi ta har ƙofar gida, da yarinyar a ƙirjina a gaban kowa, na tsaya ina kallon ta tana sauka duwatsun a hankali, hannunta ɗaya dafe da gaban rigarta.