Jan Fenti a Kan Salansa

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a wata firamare ta gefen Roni na sayi babur na hannu. Injinsa lafiya lau, sai dai salansar ta yi tsatsa, ta koma kalar tsohuwar garwa. Ni kuwa ina da wata cuta da har yau ban tabbata ta sake ni ba: ba na son a raina abina. Duk yamma idan na tsaya a majalisarmu, sai wani ya leƙa ƙasan babur ɗin ya ce, "Malam, wannan salansa ai ta girme ka." Su yi dariya, ni ma in yi ta dole.

Sai na ji labarin wani mai fenti da ya dawo daga Kano ya buɗe rumfa a Kazaure, har da tanderun gasa ƙarfe. Na kai masa babur ɗin wata Asabar. Dattijo ne mara yawan magana. Ya ɗauko guntayen bututu biyu ya ajiye a gabana. Ɗaya ja wur, yana sheƙi har kana ganin fuskarka. Ya ce wannan hoda ce ake fesawa, a gasa ta, ta narke ta kama ƙarfe. Ɗayan toka-toka ne, ba sheƙi ba komai, wai shi siramik, dangin tangaran.

"Malam, wannan mummunan za ka yi," in ji shi. "Hoda ta jikin babur ce, ba ta jure wutar salansa, kumbura za ta yi ta ɓare. Siramik kuwa yana riƙe zafi a ciki, na waje ya ragu. Kana goyon mutane?"

Na ce ina kai mahaifiyata asibiti duk wata, tana da ciwon suga.

"To, ka gani."

Ban ga komai ba, majalisa kawai nake hangowa. Na zaɓi ja. Na kuma ƙara da wata wautar: ɗan faifan ƙarfen nan da ke rufe gefen salansa don kare ƙafa, na ce a cire shi, yana ɓoye kwalliya. Samarin garinmu duk haka suke yi, ni da gemuna na bi sahunsu. Dattijon ya ɗauko sifana. Mako guda aka yi ana yaba salansata a majalisa, ina ta hura hanci.

Ni ne ɗan farin Inna, ita kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta haɗa ido da ni. Idan tana da magana, ƙanwata take faɗa wa, ko da ina zaune a tsakar gidan: "Ki ce wa wancan maganina ya kusa ƙarewa." A kan babur ma ba ta riƙe ni, ƙarfen baya take kamawa. Haka na taso na tarar, ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Ranar asibiti ta zo, muka kama hanyar Kazaure da hantsi, rana tana duka. Da muka isa bakin ƙofar asibiti na tsaya. Inna komai da dama take farawa, shiga ɗaki, sa takalmi, har sauka daga babur, salansa kuwa a dama take. Na san da haka sarai, shekara nawa ina ganinta. Ta sauka. Na ji ɗan ƙauri ya bugi hancina, sai na ce shi ke nan fentina ya ƙone. Na durƙusa ina duba salansa, ina tsaki, don kuwa jan ya fara kumbura ta wajen inji. Mahaifiyata tana tsaye a gefena, fatar ƙwaurinta ta saluɓe, ni ina jimamin fenti.

Ko uffan ba ta ce ba. Ta ja zanenta ƙasa, ta shiga, ta ga likita, ta karɓi ƙwayoyinta, ba ta nuna masa ƙunar ba don ina tsaye a wurin. A gida ta riƙa shafa man kaɗanya tana ɗaurewa da tsumma. Ƙanwata ma ba ta sani ba sai bayan kwana goma sha ɗaya, da wari ya tona asiri. Mai ciwon suga, miki ba ya yi masa da sauƙi. Daga Kazaure aka tura mu Kano, a can aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Matar da ba ta barin gonar gyaɗarta ga kowa, wadda ba a suna ko gaisuwar mutuwa a unguwa babu ita, ta koma zaman tabarma. 'Yan dubiya suka cika gidan. Kowa ya ce ƙaddara ce, na yarda, amma ni na san hannun da ya nuna jan bututun nan. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yabon. Tsofaffin mata suna zaune suna kaɗa kai, "Kai, mace mai kunya! Wuta ta ci ta a gaban ɗanta ko tari ba ta yi ba. Irinsu sun ƙare." Na so in ce musu Allah ya sa sun ƙare ɗin. Na haɗiye, na fita.

Wata safiya bayan an watse, na shiga ɗakinta na durƙusa a bakin tabarmar. Karo na farko a rayuwata na dube ta ido da ido.

"Inna, don Allah me ya sa ba ki faɗa min ba? Kalma ɗaya fa. A bakin asibiti muke."

Ta kawar da kai, ta gyara zane a kan dungulmin. Can ta ɗaga murya ta kira ƙanwata daga madafa.

"Ki zo ki ba wancan kokonsa, zai makara makaranta."