Zuwa Suna Dabaga da Motar da Ba Ta Shan Mai

Tashi daga Agadas

Ba a kira assalatu ba na ƙwanƙwasa ƙofar Kawu Sidi, wan mahaifiyata, ina ƙudundune cikin mayafi biyu. Tsakiyar ɗari ne, lokacin da mutum ke tsayawa ya daɗe yana kallon butar alwala kafin ya taɓa ta. Ƙanwata Mariyama da ke aure a Dabaga ta haihu, ran nan ne suna, kuma ragon da za a yanka yana hannunmu. In muka makara, malamai za su zauna ga wuƙa ga tabarma, babu rago.

Kawu tsohon direba ne, yana da wata mota kat-kat mai shiga rairayi da ta girmi ɗiyata ta fari. A kwanakin nan isansi, wato man fetur, ya yi wuya a gari, sai an bi dogon layi. Abin da ya samu bai wuce kwatan tanki ba, da ɗan bido guda, wato jarka, na ko-ta-kwana. Amma ya rantse zai kai mu ya dawo da mu, don shi ya san sirrin hana mota shan mai a lokacin sanyi.

Na tarar da motar a tsakar gida an lulluɓe mata gaba da bargo mai kauri. Matarsa Inna Tamo na tsaye gefe tana hura hannuwa.

"Kin ga bargona?" ta ce mini. "Ni na kwana da zane, ita ta kwana da bargo."

"Ke in kin ji sanyi shayi kike sha," in ji Kawu. "Ita in ta ji sanyi isansi take sha."

Ya shiga bayani ba wanda ya tambaye shi. Tun jiya ya ƙara wa ƙafafun motar iska, don sanyi na rage ta, ƙafa mai laushi kuwa jan mai take. Ya kwance ƙarfen ɗora kaya na bisa. Ba za a bar mota tsaye tana ruri wai ana ɗumama ta ba, a tafiya za ta ɗumama, sannu sannu. Abin hura ɗumi na cikin mota kuma kada wanda ya ko kalle shi. Sannan ya bi kayanmu ɗaya ɗaya. Ya mai da turmin Inna, ya mai da babbar tukunyar ƙarfe. Ni ma sai da ya dube ni sama da ƙasa, ya yi ajiyar zuciya, ya ce in shiga.

"Wannan bidon fa?" ya nuna wani da ke naɗe cikin tsumma.

"Man gyaɗa ne na suyar suna," Inna ta ce, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Ko da ruwa za a soya ragon?"

Ya ƙyale shi. Aka sa ni baya tare da rago, muka yi bisimilla muka fita.

Shingen bakin gari

A shingen jandarmomi muka tarar da motoci biyu gabanmu. Nan take Kawu ya kashe tasa. Da layi ya matsa, sai ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya ƙasa yana turawa. Wani jandarma da ya naɗe kai har ido ya haska mu da fitila.

"Baba, elle est en panne?" ya tambaya da Faransanci, wai ko ta lalace ne.

"Lafiyarta lau. Ekonomi ce, tattalin mai."

Jandarman ya duba takardu, ya haska rago, ragon ya amsa masa. Ya yi dariya, ya kama bayan motar ya taya Kawu turawa har muka wuce shingen. Da ya ji suna za mu, ya ce a shafa masa kan jaririn.

Daga nan hanya ta zama rairayi da tsakuwa, muna bin gefen ƙoramar Telwa. Kawu na tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. In ya ga gangare sai ya zare bitesi, wato giya, ya bar ta ta sulale da kanta. Wani mai jaki ya taɓa jerawa da mu har suka gaisa da tambayar iyali. Sanyi kuwa ta ko'ina yake shigowa. Ban san lokacin da na rungume rago ba, kuma ban ji kunya ba, don duk motar shi kaɗai ke da ɗumi.

Azel

A Azel aka tsaya salla. Kawu ya nufi masallaci, mu muka yi tamu a gefen mota. Muna sallamewa Inna ta leƙa hanya, ta jawo bidon nan nata, ta kwance tsumman. Warin da ya bugi hancina ba na man gyaɗa ba ne.

"Inna!"

"Yi shiru ki riƙe mini wannan." Ta miƙo mini gorar roba da aka yanke gindinta. "Ni zan yarda in kwana a daji da rago saboda rantsuwar kawunki? Na ce ya ƙaro mai, ya ce ban san mota ba. To yau zan san ta."

Ashe maƙwabcinsu mai babur ta sa ya yi ta tara mata a ɓoye. Muka juye shi kaf a tanki, ta goge bakin da tsumma, ta murza hannuwanta da rairayi, muka koma muka zauna kamar waɗanda ba su taɓa motsi ba.

Kawu ya dawo ya tayar da mota. Ya dubi allurar mai. Ya ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Tamo, dubi nan. Inda take muka bar gida, nan take. Kamar ma ta ɗan ɗaga."

"Ikon Allah," in ji Inna. "Bargon nan nawa ne, Malam. Mai albarka ne."

"Bargo da iskar ƙafa," ya gyara mata. "Da kuma hannu."

Ni dai na cusa fuskata cikin gashin rago, kafaɗuna na rawa. Kawu ya hango ni a madubi ya ce in yi haƙuri da sanyin, mun kusa.

Dabaga

Rana na fitowa muka shiga Dabaga, lambuna kore shar hagu da dama. Mun isa malamai ba su gama taruwa ba. Aka sauke abokin tafiyata, aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Muhammadu. Na shiga ɗaki na ɗauke shi, ga shi da hancin gidanmu sak. Mariyama ta yi kukan murna, ta ce ta kwana tana tunanin motar Kawu.

Aka kawo fura da cuku, daga baya shinkafa da nama, shayi kuwa ba a sauke shi daga wuta ba yini guda. Duk lokacin da na leƙa waje sai in hangi Kawu cikin maza, hannu na sama. Labarin ya riga ya girma. Da safe allura ba ta motsa ba ne, kafin azahar ta hau, kafin la'asar har wani tsoho ya tashi ya je ya shafa motar. Masu lambu suka tsare shi da tambaya ko dabarar za ta yi wa motopompo, injin ban ruwa, don su ma rashin isansi ya hana su shayar da shuka yadda ya kamata. Ya ce su fara da bargo.

Inna ta ji wannan ta yi dariya har da riƙe ciki. Nan muka kwana, mata ɗaki guda, da garwashi a kasko.

Komowa

Da hantsi muka fito, don Kawu ya ce yau ba rago, sai rana ta ɗumama motar. Alhusaini, mijin Mariyama, ya loda mana buhun dankalin turawa da albasa da tumatir. Na yi mamaki Kawu bai hana ba. Alhusaini ya kama hannunsa biyu yana ta godiya, har idonsa ya kawo ruwa.

"Godiyar me yake yi haka?" Inna ta tambaya da muka kama hanya.

"Albasarsa ke neman bushewa," in ji Kawu. "Na ba shi bidona. Na kuma sa tiyo na zuƙo masa na tanki. Tunda zuwa ba ta sha komai ba, ɗan kaɗan na bari, ya ishe mu har da saura."

Na leƙa ta bisa kafaɗarsa. Allura na kwance kan ja. Na dubi Inna, Inna ta dubi lambunan mutane. Can ta ce, "Malam, ka riƙa zare bitesin nan a gangare."

"Kin fara ganewa," ya ce.

Saura kaɗan mu kai Azel motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Kawu ya tayar, ta ƙi. Ya sauka ya buɗe gaba, ya shiga ƙarƙashi yana laluben inda tanki ya huje. Bai ga ko ɗigo ba. Ya fito duk rairayi a gemu, ya zauna gindin wata ƙaya ya zuba wa motar ido.

"Tun ina da ƙarfina nake tare da ita, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," ya ce a hankali. "In mun koma sayar da ita zan yi. Ko ita ta tsufa, ko ni."

Wannan maganar ce Inna ta kasa ɗauka. Ta sauko da bidonta wayam, ta ajiye gabansa ta buɗe murfin.

"Shinshina man gyaɗar."

Ya shinshina. Ya dube ta, ya dube ni. Na shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"A Azel?"

"Kana masallaci."

Ya sake duban bidon. Sai na ga gemunsa na motsi, sai dariya ta ƙwace masa, har yana dukan ƙasa.

"Kin san tsofaffi nawa suka lulluɓe motopompo da bargo jiya a Dabaga?" Ya share hawaye. "To amma albasar Alhusaini ta sha ruwa. Ladan nawa ne, ni na bayar."

"Man nawa ne."

"Ki kai ƙara."

Muka ci ragowar naman suna a inuwar ƙayar. Bayan azahar wani kamiyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da albasa ya ɓullo. Direban ya ce motarsa gazuwal take sha, ba isansi ba, ba shi da abin ba mu, amma yana da igiya. Aka ɗaure mu a bayansa.

A shinge muka sake samun jandarman jiya. Ya dubi igiya, ya dubi Kawu.

"Baba, yau ma ekonomi ce?"

"Babbar ma," in ji Kawu.

Haka muka shiga Agadas gab da magariba, kamiyo na gaba muna biye. Kawu ya gyara rawani, ya ɗora gwiwar hannu a taga yana ɗaga wa mutane hannu. Direban, Allah ya saka masa da alheri, har ƙofar gida ya kai mu, ya ƙi karɓar komai sai tumatir. Maƙwabta suka fito barka da zuwa, ɗaya ya tambaya yaya hanya, yaya kuma mai.

"Tun daga Azel har nan," in ji Kawu, "ko ɗigo ba ta sha ba. Ga shaidu biyu."

Ni da Inna muka ce wallahi gaskiya ne.

Alhamdu lillahi da muka je lafiya muka dawo lafiya. Allah ya raya Muhammadu, ya ba mutanen Dabaga ladan karamcinsu.