Injin Ban Ruwan Baba Isyaku

Na daɗe ina ɗaukar hoto, amma ranar da muka kai injinan ban ruwa wani ƙauye a ƙasar Baure ba ta taɓa fita a raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ina mai ɗaukar hoto a ofishin wani shiri na tallafa wa manoma a Daura. Ofis ya sayo mini babbar kyamara, irin da muke kira ful-firam. Abin da ke kama haske a cikinta ya fi na ƙananan kyamarori faɗi, don haka ko hoton ya kai girman bango ba ya fashewa. In ka buɗe idon gilashinta sosai, mutumin da ke gabanka zai fito tangaran, duk abin da ke bayansa ya dushe. In kuma ka danne maɓalli ba ka ɗaga yatsa ba, sai ta yi ta harbawa, hoto na bin hoto. Ina ji da ita kamar amarya.

An gama girbin gero, masu noman rani sun fara gyaran fadama. Manajanmu ya ce in shirya, za a raba injina. A hanya ya umarce ni in dusar da bayan kowane hoto, wai fuskar mai karɓa kawai ake so. Ban kawo komai a raina ba, domin dama haka ake yi a hoton mutum ɗaya.

Aka kira Baba Isyaku, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar manoman rani ta ƙauyen, aka shiga da shi harabar makarantar firamare, jama'a suna waje. Manaja ya ɗora masa sabon inji a hannu. Tsohon ya washe baki yana ta sa albarka. Na danne maɓalli. Yatsana bai ɗaga ba sai ga direba ya sa hannu ya karɓe injin, ya mayar mota. Aka ce wa Baba wannan na gwaji ne, nasu yana tafe. Da na tambaya a mota, Manaja ya ce in kula da kyamarata.

Ba a jima ba sai ga hoton a ƙaton allo a bakin kasuwar Baure. Kyamarar ta yi aikinta, har furfurar gemun Baba kana iya ƙirgawa, ga inji yana sheƙi a hannunsa. Motar da ke bayansa da direban da ke jira sun narke, ba a gane komai.

Wata safiya na tarar da Baba Isyaku tsugune a ƙofar ofis, ya faɗa ƙwarai. Ya ce mutanensa sun ga allon, sun ce ya karɓi injin ƙungiya ya sayar. Ya rantse, suka ce to hoton ƙarya ya yi? Sun kai ƙararsa wurin mai gari, ranar Juma'a za a zauna a tuɓe shi. Har ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya daina gaishe shi.

"Ɗana," ya ce, "kai ka ɗauka, kana wurin. Ba injin nake nema ba yanzu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga wurin Manaja ba sallama. Na ce ya sa a sauke allon, ko ya aika a gaya wa mai gari gaskiya. Ko ɗago kai bai yi ba, yana danna waya. Wai rigimar ƙauye ce, za su sasanta kansu, allon kuwa manya sun gani sun yaba.

"Ranka ya daɗe, mutuncin dattijo ne fa."

"Sabi'u," ya ce mini, "kyamarar ta ubanka ce ko ta ofis?"

Wallahi da ba don tarbiyya ba, da ranar na yi abin da za a kore ni nan take. Na juya na fita.

Ranar Juma'a na rataya kyamarar, na hau babur na tafi ƙauyen. Bayan an sauko daga masallaci aka taru a zauren mai gari. Na nemi izini, na durƙusa gabansa, na kunna allon bayan kyamara. Ga hoton da suka sani. Na murza zuwa na gaba, ga hannun wani ya shigo ta gefe. Na gaba, hannun ya kama injin. Na gaba, injin ya bar Baba. Na ƙarshe, tsoho tsaye hannuwansa biyu a buɗe babu komai, murmushin bai ma gama barin fuskarsa ba. Kyamarar ta zaga zauren hannu zuwa hannu, ni da ba na bari ko ƙura ta taɓa ta. Da ta iso kan ƙanen Baba, ya daɗe yana kallo, sannan ya ja hula ya rufe fuskarsa. A nan maganar tuɓe Baba ta mutu.

Ranar Litinin aka karɓe kyamarar, aka mayar da ni sito ina gadin buhuna. Injin bai taɓa zuwa ƙauyen ba. Allon ma sai da rana ta cinye shi don kanta. Har yau in na tuna Manajan nan sai raina ya sosu.

Kafin in bar ƙauyen ranar Juma'ar nan, Baba ya roƙe ni abu ɗaya, in wanke masa hoton ƙarshen. Dama kyamarar katin ajiyar hoto biyu take ci, na zare ɗaya na wanke masa. Yana nan rataye a zaurensa, hannu biyu a buɗe.

Don haka in wani babba ya ce ku dusar da baya, ku fara juyawa ku dubi abin da ke bayan. Kuma kada ku yi saurin ɗaga yatsa.