Cinyar Rago a Cikin Firam

Ranar Asabar a kasuwar Deptford, nan Ingila, na ga wata tsohuwar taswira a cikin firam, an jingine ta kusa da tukwane. Nan take Baba, aminin mahaifina, ya faɗo mini a rai, kunya ta rufe ni.

Kafin rasuwarsa, tsofaffin littattafan taswira na harshen Latin yake tarawa a gidansa na Camberwell. Ba ya taɓa su sai ya wanke hannu ya goge. Suna ƙanshin tsohuwar fata, in ka shafa takardar kuma sai ka ji layukan da farantin tagulla ya buga.

Wata Babbar Sallah na kai masa tsaraba ina ta washe baki: shafi guda a firam, da Kano a jiki, an rubuta ta "Cano". Ya ɗora tabarau, ya daɗe yana duban gefen da reza ta bi.

"Ɗana, wannan ai cinyar rago ce," in ji shi a hankali. "Mahauta sun yanka littafi guda, kai ka sayo cinya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma sai ya rataye ta a falo, duk baƙon da ya zo ya ce masa, "Ɗana ne ya kawo mini." Wannan ya fi faɗa ciwo.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya miƙa maka littafinka a hannun dama, cikakke, ba shafin da aka yanke.