Tambayar da Yarinyar Damaga Ta Yi Mini

Shekarar da aka ba ni darasin tarihi a wata sakandaren 'yan mata a Talata Mafara, da yawa daga cikin ɗalibaina ba 'yan gari ba ne. Iyayensu sun gudo ne daga ƙauyukan Maradun da Bakura saboda 'yan bindiga. Ba a maganar a aji, amma kowa ya sani.

Na daɗe ina son in koya musu labarin matan baƙar fata da suka bar ƙasarsu suka rayu a wani wuri. Akwai matanmu da suka kama hanyar Makka a ƙasa, suka tsaya Sudan suna tsinkar auduga. Akwai waɗanda suka bi fatauci har Kumasi, suka ciyar da zangon Hausawa da koko da waina. Wasu ma sun haye teku suna jinyar marasa lafiya a asibitocin Turawa. Na shirya darasin na ajiye, na sake ɗaukowa na ajiye. Tsorona kada in taɓa musu inda ke ciwo.

Wata rana na daure na fara. Ina bayanin yadda matanmu na Sudan suka riƙe Hausarsu har jikoki, sai wata yarinya 'yar ƙauyen Damaga, cikin waɗanda suka gudo, ta ɗaga hannu.

"Malama, sun komo gida?"

"Kaɗan ne suka komo," na ce. "Yawanci can suka tsufa."

Ta tattara littattafanta ta fita. Washegari ba ta zo ba. Makon ya ƙare wurinta wayam. Duk lokacin da aka kira ni ofis sai in ɗauka maganarta ce. Na so in bi ta gida, amma babu wanda ya san ainihin inda suke zaune.

Wata safiya aka ce ina da baƙuwa a bakin ƙofa. Mahaifiyar yarinyar ce, siririyar mata mai sayar da awara a tasha. Muka gaisa, ta tambayi gida da aiki da gajiya.

"Malama, ɗiyata ta ce kin ce ba a komawa. Ni kuwa kullum ce mata nikai in damina ta wuce za mu koma."

"Ki yi haƙuri, Inna. Wallahi ba nufina ke nan ba."

"Ba faɗa na zo yi ba. Waɗanga matan, da sunka ga ba komawa, mi sunka yi?"

A tsaye na ba ta labarin, yadda suka yi sana'a, suka gina ɗakuna, suka sa 'ya'yansu karatu. Ta saurara kanta a sunkuye.

"To, ki gaya mata wannan ma," ta ce. "Ni bakina ba ya iyawa."

Yarinyar ta dawo. Na maimaita darasin tun daga farko, ina satar kallonta. Har aka yi hutu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da rani na ji cewa uwar ta sami aron fili a nan garin wajen masu noman rani, ta shuka albasa. Na rasa ko murna zan yi.