Sawun da na bi har Filinge

Duk ƙasar Kurfai babu mai bin sawu kamata. Ni ne in kiyashi ya ratsa dutse sai in gaya maka ko gurgu ne. Saboda haka da takarkarina ya ɓace, kwana biyar kacal da na sayo shi a rugar wani Bafillace kusa da Filinge, dariya na yi. Na ce ɓarawon nan ya taɓo gidan da ba a taɓawa.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na wajen Sanam, ni da maƙwabtana biyu. Ga sawun sa raɗau a kan rairayi, ga kuma na mutum a gefe, mai takalmi da faci a diddigen hagu. Abu ɗaya dai, sa ya fuskanci kudu, takalmi ya fuskanci arewa. Da abokan tafiya suka yi magana na ce su yi shiru, tsohon ɓarawo ne, a juye ya sa takalminsa. Suka jinjina mini.

Hanya kuwa daɗi! Shekarun baya wa zai ratsa kwarin dallol mu uku babu baka babu mashi? Yanzu Anasara ya hana hari, ko da yake shi kansa ba ya hana kansa kwasar gero da jakuna. Mun sha fura a bakin wata rijiya mai zurfin da in ka jefa guga yau sai gobe ka ji ƙararsa.

Rana ta uku muka iso, ranar kasuwa. Ga kanwa, ga tabarmi, ga Zabarmawan Tondikandiya da kwaɗon ganyensu, kopto, mai yajin da ya sa na ga kakana. Ban tsaya ba, sawu ya ja ni har rugar da na yi ciniki. Ga takarkarina yana tuƙa hankali kwance. Na ruga bariki, sojoji suka zo suka ɗaure Bafillacen a gaban matarsa.

Da safe aka shiga shari'a. Na yi bayani har tafinta ya nemi ruwa. Kumandan, Anasaran bariki, wanda zafi ya mai da shi kamar gauta ja, ya yanke nan take: wata shida a kaso da ɗaukar duwatsun ginin bariki. Ga shi lokacin tashin ruga ya yi, babu mai kora masa shanu. Sai wani dattijo cikin masu zama gefen Kumandan ya yi gyaran murya.

"A gaya ma Kumandan, mu nan ba mu yanke shari'a da kunne guda. Wanga bawan Allah bai ce komi ba tukuna."

Bafillacen ya ce sa da kansa ya komo garkensu, yana ma shirin aiko mini. Ya ƙara da cewa shi tun da aka haife shi bai taɓa sa takalmi ba. Aka dubi ƙafafunsa, kaushi kamar bayan kunkuru. Dattijo ya sa aka fita bakin hanya, ya ce kowa ya taka kusa da sawun. Ni na fara, da ƙafar hagu, ina taƙama. Faci ya zauna kan faci kamar an auna. Sawuna ne, na ranar da na jawo takarkarin zuwa gida.

Aka kwance mutumin. Na ba shi haƙuri har ƙasa, shi kuwa ya cika mini ƙwarya da nono, abin da ya fi mari ciwo.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin cewa saura kaɗan bakina ya raba mutum da garkensa, don kawai ni aka fara saurara. Ina isa gida na soma ba mai ɗakina labari, ina ɗan gyara shi. Ta bari na gama, ta ce:

"Sannu da aiki, malam. Kwana uku kana bin ɓarawo, ashe da ƙafafunshi kake tafiya."